Kwaɗo da Ƙugiyarsa

Ƙungiyar masu tausayin fursunoni ta zaɓi Kwaɗo ta ba shi lambar yabo. Shi bai nema ba.

Kwaɗo tsohon gandiroba ne. Fursunoni ne suka sa masa sunan, don in ya rufe ƙofa sai ya ja kwaɗon da hannu, ya yi taku kaɗan, ya dawo ya sake ja. Wasu sun ce ba na ƙofa ake nufi ba, na ruwa ne, saboda yadda wuyansa ke kumbura in ya yi fushi. Masu faɗin haka ba sa faɗa a gabansa.

Ya bar aiki ba shi da gida na kirki, ba shi da mota, haƙoransa na gaba ma na likita ne. Abu ɗaya ya tara, shi ne suna. A zamaninsa ba wanda ya taɓa gudu daga sashensa. Ba wanda ya taɓa shigo da reza ko sigari ya kwana da su. Sannan akwai maganar majalisa.

Da daɗewa, yana tsakiyar aiki, kwamitin majalisa mai duba dokokin laifi da hukunci ya kira gandirobobi su ba da shaida. Kwaɗo na cikinsu. Aka tambaye shi yadda ya ga ya dace a yi da ƙananan ɓarayi. Ya miƙe ya ba su amsa a taƙaice: ɓarawo in an kama shi, a ɗaure, in ya kuma, a sake. Ya zauna. Wannan labari ya ba wa 'ya'yansa, ya ba wa jikokinsa, ya ba wa likitan haƙori bakinsa a buɗe. A bencin da tsofaffin gandirobobi ke zama da hantsi, ƙarƙashin rumfar mai gyaran rediyo, kowa ya haddace shi. In an kama wani da satar kaza a unguwa, sai su dubi Kwaɗo, shi kuma ya ɗaga yatsa ɗaya, su ƙarasa masa.

Shugabar ƙungiyar da kanta ta zo gidan. Mace ce mai fara'a da babbar jaka. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta riƙe hannun matarsa da hannu biyu, ta ce sun daɗe suna neman sa. Ta ce da ba don shi ba, da ba a yi Dokar Sassauci ba.

Kwaɗo ya san dokar. Ita ce ta ce wanda ya yi ƙaramar sata karon farko kada a kai shi gidan yari, a ba shi tsintsiya ya share titi. Ranar da aka sanar da ita a rediyo bai ci abincin rana ba.

Ya ce mata ta yi ɓatan gida. Ta ce ba ta yi ba. Ta ce maganarsa na nan a rubuce a kundin majalisa, su a ofishinsu ma sun rubuta ta da manyan baƙaƙe sun kafa a bango. Ta ce za a yi taro ƙarshen wata, za a kira shi Uban Sassauci, gidan rediyo zai zo. Idanunta har sun kawo ruwa. Wuyan Kwaɗo ya fara kumbura. Matarsa ta gani, ta raka baƙuwar ƙofa da sauri, tana cewa ai Malam haka yake in ya ji daɗi, ba ya iya magana.

Kafin gari ya waye labari ya kai benci. Wanda ya fi jin daɗinsa shi ne Mai Usur. Tare suka shiga aiki da Kwaɗo, tare suka bari, ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Da Kwaɗo ya iso, Mai Usur ya tashi ya kakkaɓe masa wuri da hularsa.

“Sannu da zuwa, Baba Tausayi. A matsa wa dattijo, zuciyarsa ba ta son matsi.”

Sauran suka sunkuyar da kai suna dariya a cikin riga. Mai Usur ya ce shi dama ya daɗe yana zargi. Ya ce mutumin da ke jan kwaɗo sau biyu, wataƙila dubawa yake ko ya bar shi a buɗe yadda ya yi niyya. Ya ce duk shekarun nan ashe a gabansu zaki ne, a gaban manya kuwa kuka ya je ya yi.

Kwaɗo bai zauna ba. Ya ce majalisa tana rubuta duk abin da aka faɗa a cikinta, ko tari ne. Ya ce gobe zai je a buɗe kundin. Ya ce Mai Usur ya biyo shi, ya zo da kunnuwansa biyu, ya dawo ya faɗa wa benci abin da ya ji. Mai Usur ya ce ko da rarrafe zai je.

Karatun Kwaɗo bai wuce na sunaye da lambobin ɗaki ba, don haka ya aika aka kira babbar 'yarsa, malamar makaranta. Ta ce masa da ya bar maganar ya karɓi lambarsa, ai yabo ba zagi ba ne. Ya ce ya danganta da mai yabon. Ta nemi izini a wurin aiki ta bi su.

A ƙofar ginin majalisa mai gadi ya shafa musu aljihu sama-sama ya ce su wuce. Kwaɗo ya tsaya. Ya tambaye shi ko wannan shi ne caje. Ya nuna masa inda ake duba ɗinkin wuyan riga, da naɗin wando, da cikin hula. Mai gadin ya ce ya gode, ya kuma ce ba a shiga ɗakin adana bayanai da biro, fensir kawai. Kwaɗo ya miƙa biron da ke aljihunsa na gaba ba musu. Akwai wani a cikin safarsa. Ya koyi wurin ne daga fursunoni.

Ɗakin yana ƙasan bene. Akwai sanyi da warin tsohuwar takarda. Kantoci sun kai rufi, cike da kundaye masu baƙin bango, kowane da shekararsa a ƙeya. A gefe akwai tebur da kwamfuta, da wani mutum mai tabarau da ke kula da wurin. Mai tabarau ya yi murna da ganinsu, kamar wanda ya daɗe bai ga mutum ba. Ya ce an ɗauki hoton duk muhawarar zaure da zaman kwamitoci an zuba a kwamfuta, yanzu kalma ɗaya za a ba ta, ta tono inda aka faɗe ta. Ya tambayi shekara.

Kwaɗo ya ce shekarar da aka canja musu kaki ce. Mai Usur ya ce a'a, shekarar da katangar baya ta faɗi ce. Suka yi ta ja. Malama ta ce a bar shekara, a nemi suna.

Aka buga sunansa na gaskiya, ba a sami komai ba. Mai tabarau ya ce a lokacin ba a rubuta sunan gandiroba a kundi, don kada wani ya fito ya neme shi. Kwaɗo ya ce shi da an rubuta har da kwatancen gidansa. Ya ce a buga Kwaɗo.

Kwamfuta ta kawo muhawara mai tsawo a kan wani tafki da kwaɗi suka hana mutanen unguwa barci. Mai Usur ya roƙi a karanta masa ita duka. Ba a karanta ba.

Aka buga kurkuku, shafuka suka zubo ba iyaka. Mai tabarau ya ce matsalar ita ce majalisa ba ta tsaya a kan suna ɗaya ba. Wata shekara kurkuku, wata shekara gidan yari, yanzu kuma gidan gyaran hali. Kwaɗo ya ce shi bai taɓa aiki a gidan gyaran hali ba, kuma kada a buga wannan suna a gabansa. Ya ce a zamaninsu gidan kaso ake cewa. Aka buga kaso. Sai ga kasafin kuɗi na shekara da shekaru, kaso kaza na hanyoyi, kaso kaza na asibiti. Mai Usur ya ce to ga shi nan, ashe rabo ya je nema.

Rana ta yi sama. Mai tabarau ya cire tabarau ya goge. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a buga maganar kanta, yadda ta fito daga bakinsa. Kwaɗo ya gyara tsayuwa ya faɗe ta, da yatsa a sama. Mai tabarau ya buga a hankali, ya sa wa kowane baƙi ƙugiyarsa. Kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Ya rage, ya bar ɓarawo da ɗaure kawai. Ta kawo mutane da yawa da suka ce a ɗaure ɓarawo, ba gandiroba ko ɗaya a cikinsu.

Mai Usur ya yi hamma mai ƙara. Ya ce wataƙila a mafarki aka yi zaman.

Aka kira mai tabarau a waya, ya fita. Malama ta ja kujera ta zauna. Ita ba ta san inda ake samo baƙaƙe masu ƙugiya a wannan kwamfuta ba, ta nema ta gaji, ta buga kalmar ɗaure haka nan da d tsirara. Shafi ya buɗe nan take.

Ta karanta a zuci. Ta sake karantawa. Ta ce wa mahaifinta ko za su je su ci abinci tukuna.

“Karanta.”

Ta ce an rubuta Gandiroba na Uku. Kwaɗo ya ce shi ne na farko da ya iso ranar, amma ta ci gaba. Ta ce an rubuta cewa shaida ya nemi ruwa. Ya ce ƙarya ne. Ta ce an rubuta cewa shaida ya sake neman ruwa. Mai Usur ya matso da kujerarsa. Daga nan ta karanta amsar, da muryar da take karanta wa ɗalibai sakamakon jarrabawa.

“Ɓarawo in an kama shi, a daure. In ya kuma, a sake.”

Kwaɗo ya ce yawwa, ga ta nan. Ya dubi Mai Usur. Malama ta ce Baba bai ji da kyau ba. Ba ɗaure aka rubuta ba, daure aka rubuta, irin na haƙuri. Wato in an kama ɓarawo a yi haƙuri da shi. In ya ƙara sata, a ƙara haƙuri.

Mai Usur bai yi dariya nan da nan ba. Ya tashi ya je bayan kanta, daga can aka riƙa jin sa kamar ana zuƙe ruwa daga tiyo.

Da mai tabarau ya dawo ya ga abin da aka samu, sai murna ta kama shi. Ya ce ashe Gandiroba na Uku ne a gabansa. Ya ce ɗalibai masu karatun shari'a suna zuwa neman wannan shafi. Ya ce bari ya nuna musu inda maganar ta bi, bai lura da wuyan Kwaɗo ba.

Ranar zaman, in ji kundin, 'yan kwamiti kaɗan ne suka zo, shugaban ma ya fita kafin a gama. Ba wanda ya tanka. Maganar ta kwanta shekaru. Sai wani ɗan majalisa da ke neman hujjar ƙudirinsa ya tono ta, ya karanta a zaure, ya ce ga abin da mutumin da ya ga gidan yari da idonsa ya roƙa. Wani ya tashi bayansa ya maimaita, ya ƙara mata kalma ɗaya: in ya kuma, a sake shi. Daga nan kowa da shi yake faɗa. Wata 'yar majalisa ta ce an gaya mata dattijon hawaye yake yi lokacin da yake magana. A karatu na ƙarshe wani ya kira shi marigayi, ya nemi a yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da shi. Kundin ya ce an yi.

Mai Usur ya leƙo daga bayan kanta ya yi wa Malama gaisuwar rashi.

Kwaɗo ya ce ba ya yarda da gilashin kwamfuta. Ya ce a kawo masa takardar kanta. Mai tabarau ya hau tsani ya sauko da kundin, ya shimfiɗa a tebur, ya buɗe da tafin hannu kamar mai juya jariri. Rubutun tafireta ne, ya yi ja don tsufa. Ya yi bayani cewa tafiretocin lokacin ba su da baƙaƙe masu ƙugiya. Mai bugawa sai ta gama shafi, sannan ta bi da alƙalami tana sa wa kowane tasa da hannu. Ya nuna musu. Ɓarawo na da tasa. Ƙasa na da tata. Har ɗaki, a layin ƙasa, na da tasa. Kalma ɗaya ce kawai a shafin ta tsaya kai ba hula.

Kwaɗo ya sa Malama ta ɗora masa yatsa a kan kalmar. Ya daɗe yana kallon ta. Ya san d in ya gan ta, da ita ake fara lambar wani sashe da ya tsare. Ya ce yana jin takalminsa ya kwance. Ya sunkuya, ya ɗago da biro.

Mai tabarau ya yi wata ƙara da ba kalma ba ce. Bakin biron ya kusa taɓa takarda, sai Mai Usur ya damƙe wuyan hannun, irin damƙar da aka koya musu tare suna samari. Suka tsaya haka, tsofaffi biyu suna huci a kan kundi.

“Sake ni. Ƙugiyata ce.”

“Kayan gwamnati ne. Ka taɓa, mu kai ka inda ka fito. Ko da yake karon farko ne, shara za a ba ka.”

Malama ta zare biron ta sa a jaka. Mai tabarau ya rungume kundin ya ja baya. Da numfashinsa ya dawo, ya ce akwai hanyar gyara ta doka. Ba a taɓa shafi, amma ana liƙa 'yar takarda a gefe a ce an yi kuskuren bugu, a kuma gyara a kwamfuta. Sharaɗi ɗaya ne: wanda ya buga shafin ya sa ƙugiyar da hannunsa a kan kwafi, ya sa hannu cewa kuskurensa ne. Ya duba baƙaƙen sunan mai bugu da ke gindin shafin. Ya ce wadda ta buga tana raye. Ya ce da ta mutu da abin ya fi sauƙi.

Uwar Tafireta ake ce mata. Ita ta shugabanci ɗakin bugu har aka kawo kwamfuta, ta ce ba za ta yi aiki da abin da ke goge kuskure ba tare da an gani ba, ta tafi gida. Mai tabarau ya ce ya yi aiki a ƙarƙashinta yana sabon shiga, har yau in ya ji ƙarar takalmi irin nata sai ya gyara zama. Ya ba su kwafin shafin da kwatancen gida. Ya ce kada su ce shi ya turo su.

A hanya Malama ta sake gwadawa. Ta ce Baba ya duba, mutane nawa ne suke gidajensu yau saboda wannan kalma. Ta ce akwai wani ɗalibinta da ya ɗauki wayar mutane, ya yi sharar kasuwa, yanzu yana gyaran famfo, yana da mata. Kwaɗo ya ce bai hana a bar dokarsu ba. Su riƙe dokarsu, su ba shi ƙugiyarsa. Ya ce ba zai shiga kabari da maganar wani a bakinsa ba. Mai Usur ya ce ai bisa ga kundi ya riga ya shiga.

Gidan ƙarami ne, a share ƙal. Uwar Tafireta tana zaune a kujera mai dogon baya, doguwa, busasshiya, da tabarau a rataye a wuya. A kan tebur kusa da ita akwai tafireta an lulluɓe da farin ƙyalle. A bango akwai takardar yabo cikin gilashi. Ba ta ce su zauna ba sai da ta gama kallon takalmansu.

Malama ta yi bayani da ladabi, tana zagaye-zagaye. Da ta kai kan kalmar kuskure, tsohuwar ta ɗaga hannu. Ta ce a maimaita. Malama ta ce wato ɗan mantuwa. Tsohuwar ta nuna bango ta ce a karanta abin da ke cikin gilashin. Malama ta karanta: an yaba mata bisa aikin da ba a taɓa mayar mata da shafi ba.

Ta karɓi kwafin, ta sa tabarau, ta bi shi da farce layi-layi. Ta ce shafinta ne. Ta ce ƙugiyoyinta ne, ba wanda ke lanƙwasa su haka. Ta ce duk suna nan cif, ba wadda ta ɓata.

Kwaɗo ya ce ɗaya ta ɓata. Ta dube shi ta saman tabarau.

“Kai ne na ukun? Mai shan ruwa?”

Ya ce shi bai sha ruwan kowa ba. Ta ce tana zaune a ƙasan mumbari ranar, tana ɗaukar magana da gajeren rubutu. Ta ce ta tuna shi sarai, don shi kaɗai ne ya sara wa makirufo kafin ya yi magana. Ta ce gwiwarsa na bugun tebur har kofi na motsi. Ta ce bakinsa ya bushe, abin da ya fito daga ciki shi ta rubuta. Aikinta kunne ne, ba duba ba. Abin da mutum ke nufi a cikinsa, wannan tsakaninsa da cikinsa ne.

Kwaɗo ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ce wa kowa ya yi haƙuri ba. Ya ce a tambayi 'yarsa. Malama ta ce wannan gaskiya ne. Ya ce a tambayi wannan. Mai Usur ya ce shi shaida ne, ba a ba shi izinin magana ba tukuna.

Tsohuwar ta ce magana ba ta da wuya. Ya faɗi kalmar yanzu, ta ji.

Kwaɗo ya miƙe. Ya gyara riga. Ya ɗaga yatsa. Ya buɗe baki da ƙarfi, haƙoran likita suka zame kaɗan, abin da ya fito ba ya da ƙugiya ko ta maganin ido. Mai Usur ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Kwaɗo ya danna haƙoran da babban yatsa ya sake faɗa. Wannan karon ta fito daidai, har ƙyallen tafireta ya motsa. Tsohuwar ta ce to ga shi. Ɗaya da ƙugiya, ɗaya babu, a tsayuwa ɗaya. Ta ce mutumin da bakinsa bai tsaya wuri ɗaya ba yau, shi zai zo ya gaya mata abin da ya faɗa tun gashinsa na baƙi. Ya ce a lokacin haƙoransa nasa ne. Ta ce a lokacin kunnuwanta ma sababbi ne.

Ya ce zai kai ƙara. Ta ce ya kai, za a nemi kundi. Ya ce ita ta jawo ɓarayi ke yawo da tsintsiya a gari. Ta ce ita ba ta taɓa yin doka ba, bugawa take yi. Titin gidanta dai yana shan shara. Ya ce ƙarshen wata za a kira shi Uban Sassauci a rediyo, duk wanda ya taɓa tsarewa zai ji. Ta ce to ya sa riga mai kyau.

Kwaɗo ya koma ya zauna. Wuyansa ya sace. Ya dubi Mai Usur, wanda zai koma benci gobe da hantsi da labari a baki. Ya dubi kwafin a kan cinyar tsohuwar, da alƙalamin da ke cikin kofi a gefen tafireta, tazarar hannu ɗaya. Abin da ake nema bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya cire hularsa, abin da Malama ba ta taɓa ganin ya yi a gidan wani ba. Ya riƙe ta a gwiwa. Muryarsa ta yi ƙasa.

“Baiwar Allah, ni da ke mun tsufa. Ba ni da komai sai wannan magana. Ki daure ki sa mini.”

Mai Usur ya juyo a hankali, bakinsa a buɗe. Malama ta rufe fuska da gyale. Kwaɗo ya ji abin da ya faɗa bayan kowa ya ji.

Uwar Tafireta ta cire tabarau. Ta ninke kwafin biyu, ta daidaita gefensa da farce, ta miƙa masa.

“Ka ji ko? Haka ka faɗe ta ranar. Ba zan sa ba.”